Jan Fenti a Bangon Baba

Duk wadda ta turo mini saƙo wai in yi haƙuri, haka maza suke, ta ajiye haƙurinta ta ba wanda ya roƙe ta. Ni Murja ba lallashi na zo nema a nan ba. Na zo ne in faɗi abin da maza biyu suka yi mini, ɗaya cikinmu ɗaya da shi, ɗayan kuma saura ƙiris a ce mijina ne. In kin gama karantawa kika ga har yanzu akwai wanda za ki kare a cikinsu, Allah Ya haɗa ki da irinsa, sai mu ji bakinki.

Waɗanda yau suka fara shigowa, ku matso in gajarta muku.

Yayana Kabir mawaƙi ne, irin masu gambarar zamanin nan da ake ce wa hip-hop. A gida Kabir ne, a waje kuwa Tsawa, da hula a karkace da sarƙar ƙarfe wadda yake cusawa aljihu in zai shigo zaure. Zainul Abidin kuma, wanda nake kira Zainu, ɗan Kusada ne, mai zanen bango. Abincinsa yana fitowa ne daga rubuta allunan shaguna da ƙawata bayan keke napep, amma ransa yana jikin bango. Ku ba shi bango da gwangwanin fentin feshi, sai ya manta akwai wani abu wai shi abincin rana. Tare suka kafa ƙungiyarsu, Zangarniya. Yaya ya yi waƙa, Zainu ya zana inda za a tsaya a ɗauki bidiyo.

A gidan Gwaggo Kulu, ƙanwar Baba da ke aure a Kusada, na fara ganinsa. Ya rako Yaya, yatsunsa duk shuɗi, yana ɓoye su a bayansa don kunya. Daga nan aka fara. Baba bai so ba da farko, ya ce shi bai ga sana'a a ɓata bangon mutane ba. Da ya bincika ya ji yaron ba ya shan komai, kuma shi ke riƙe da mahaifiyarsa, sai ya ce su turo. Aka sa ranar Asabar manyansa za su kawo gaisuwa.

Bango ne ya raba Yaya da Zainu.

Akwai wani dogon bango a bayan shagon Ugo, ɗan Ibon da ke sayar da kayan gini a Kusada. Ugo ya ce Zainu ya yi yadda ya ga dama da shi. Rani guda ya ƙarar a jikin bangon nan. Ya zana zangarniyar gero tana tsawo tana tsawo har kanta ya koma makirfo. Ya zana mata ɗauke da ƙwaryar nono. Ya zana fuskar Yaya baki a buɗe, haruffan Zangarniya na fitowa daga ciki kamar harshen wuta. Can ƙasa a kusurwa ya sa alamarsa, ɗan koren ƙadangare da harafin Z a wutsiya. Har daga nan Kankiya samari ke hawa babur su je ɗaukar hoto.

Sai Yaya ya samu wani furodusa daga Katsina. Suka zo ɗaukar bidiyo ranar da Zainu ya tafi aiki garin Ƙofa, ba wanda ya kira shi. Suka tsayar da abokin furodusan, wani Abdullatif mai rinannen gashi, ya tare ƙadangaren da jikinsa, gwangwani a hannu yana feshin ƙarya. Bidiyo ya fita ya zaga wayoyi, a ƙarshensa aka rubuta wai Abdullatif ne ya yi zanen. Zainu ya kira Yaya, Yaya ya ce masa, “Harka ce, kai ba ka san harka ba.” Zainu ya je ya shafe fuskar Yaya da baƙin fenti. Yaya ya shiga situdiyo ya saki waƙa:

“Ƙadangare tsaya jikin bango, falo ba wurinka ba,
Ƙanwar Tsawa ta fi ƙarfin mai warin fenti.”

Shi ke nan, an sa ni a waƙa. Na je bikin ƙawata, 'yanmata suka zagaye ni suna rerawa suna tafi. Na dawo na yi kuka gaban Inna, ta ce in bar maza su yi abinsu. Yaya kuwa ya tsaya tsakar gida ya rantse, kowa na ji, cewa muddin yana numfashi auren nan ba zai yiwu ba.

To ga abin da ya faru ranar Larabar da ke gaban Asabar ɗin.

Na tashi da wuri ina son in ƙarasa rigar atamfar da zan sa ranar, ruwan goro mai ɗigon fari, saura hannu ɗaya da zif. Na jawo keken ɗinkina bakin ƙofa don in samu haske. Inna na bakin murhu tana dama koko. Baba yakan zauna masallaci har gari ya yi haske, sannan mu ji gyaran muryarsa a zaure. Ranar gari ya waye tangaran ba mu ji shi ba. Hayaniya muka ji a ƙofar gida, tana ƙaruwa.

Inna ta ce, “Leƙa ki gani, halan akuyar wani aka buge.”

Na zura hijabi a kan rigar barci na fita. Mutane cike da layinmu, rabinsu waya a sama. Na bi inda wayoyin ke kallo.

Bangon gidanmu ne, wanda Baba ya sa aka yi wa farin fenti satin da ya wuce saboda baƙin Kusada. Daga bakin zaure har kwana, an fesa kalma ɗaya da jan fenti, kowane harafi ya kai tsawona, fentin ya zubo ƙasa layi-layi.

ƁARAWO.

Ku tsaya ku fahimci wani abu. Babana Malam Dalhatu dillalin hatsi ne. Mutanen Fakuwa da Sukuntuni ɗakin ajiyarsa suke kawo geronsu da dawarsu su juya, ba shaida ba komai, sai ranar kasuwa su dawo. Ba shi da wata babbar gona, ba shi da mota. Sunansa kaɗai yake da shi, da shi muke ci.

Yana tsaye gaban kalmar, carbi a hannu, bai ja ko ƙwaya ɗaya ba. Ana cikin haka Malam Shehu, wani dattijo daga Sukuntuni, ya iso da amalanken shanu ɗauke da buhunan gero. Shi ba ya karanta boko. Ya dubi bango ya dubi jama'a.

“Mi aka rubuta nan wurin?”

Wani mara kunya ya karanta masa da ƙarfi, har da jan harafin ƙarshe. Aka yi 'yar dariya daga baya. Malam Shehu ya kalli buhunansa, ya kalli Baba, ya sosa gemu.

“Malam, bari in kai wa ɗiyata saƙo in dawo.”

Ya juya shanunsa. Har yau da nake muku rubutun nan bai dawo ba.

Baba ya shigo gida ya zauna kan turmi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Maƙwabta suka biyo shi suka cika zaure. Sai ga Yaya ya fito daga ɗakinsa da singileti, idonsa jawur, ya riga ya ga hoton a waya.

“Baba, ai ba sai an yi bincike ba. Duk yankin nan wa ke wasa da irin wannan fentin? Surukinka ne. Ga gaisuwar nan ya kawo maka tun kafin Asabar.”

Na ce, “Ba shi ba ne.”

“Ke rufe wa mutane baki.”

“Ba zan rufe ba. Kai ka fi kowa sanin hannun Zainu. Ko allon mai shayi ya rubuta, harafinsa ba ya zuba, ba ya karkacewa. Wannan kuwa kamar kaza ta taka jini ta bi bango.”

Na ɗauko wayata na buɗe saƙon da ya turo mini da asuba, na miƙa wa Inna. “Amaryar Kusada, an tashi lafiya? Innata ta ce a tambaye ki ko kina cin tuwon dawa, don nan ba mu san shinkafa ba.” Na ce wanda ya kwana yana zagin uban mutum ne zai tashi da wannan?

Baba ya ɗago. “Murjanatu, kina iya rantsewa ba yaron nan ba ne?”

“Wallahi tallahi, Baba, ba shi ba ne.”

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma waƙar nan na cina a rai, da tafin 'yanmatan biki. Ku ji inda bakina ya kai ni.

“Baba, wa ya tsaya nan ya rantse auren nan ba zai yiwu ba? Wa zai ji daɗi in ka fasa? A tambaye shi gwangwanayen da ɗan Katsinan nan ya yi wasan kwaikwayo da su, ina aka kai su bayan bidiyo.”

Baba ya miƙe ya shiga ɗakin Yaya. Muka ji ana jan katifa, ana ture takalma. Ya fito da wani tsohon buhu ya zazzage shi a ƙasa. Gwangwanaye suka gangara har gindin murhu, ɗaya mai jan murfi ya tsaya daidai ƙafar Inna.

“Baba, na bidiyo ne. Wallahi tun ranar ban taɓa su ba.”

Baba ya ɗauki mai jan murfin ya girgiza, ya danna. Ja ya fesu a siminti.

Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro. “Na haƙura da waƙa. Na haƙura ka sa ɗiyata bakin 'yan tasha. Yanzu sunana ka kai bango don ka kada abokinka. Kada magariba ta same ka gidan nan.”

Inna ta ce, “Malam, a bi a hankali, yaron nan…”

“Ke ma kin ji mi na ce.”

Yaya bai roƙi kowa ba. Ni ya kalla, tun daga ɗankwali har silifas.

“Saboda mai fentin keke,” ya ce, ya shige ɗaki ya bugo ƙofa.

Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta sauke tukunyar koko da ta kama, ta ce mini ba tare da ta dube ni ba, “Kin kori yayanki. Sai ki zuba ruwa ƙasa ki sha.”

Ba zan yi muku ƙarya ba, a lokacin daɗi na ji. Na ce a raina, gobe ma ka ƙara sa ni a waƙa.

Da hantsi na ce wa Inna zan kai wa Gwaggo Kulu hijabin da na ɗinka mata. Ta ce, “Ki tahi inda za ki.” Na yi wanka, na sa baƙar doguwar riga mai duwatsu a wuya, mayafi ruwan toka, na ja kwalli, na shafa humrar da nake ta ɓoyo don ranar Asabar. So nake in ga fuskar Zainu in na gaya masa yadda na tsaya masa. A motar Kusada wasu samari biyu a gabana suna kallon bidiyon bangonmu, an riga an ɗora masa kiɗa. Na ja mayafi na juya ina kallon gonaki, gero ya kai ƙugu, kore shar.

Ugo na bakin shagonsa yana auna wa wani ƙusa. Ya ce, “Amarya, sannu da zuwa. Mutumin naki yana baya.”

Tun kafin in zagaya na ji kiɗa. Haka Zainu ke aiki, ya kunna kiɗan hip-hop zalla wanda ba murya a ciki, hannunsa na bin ganga. Yana kan benci, ƙyalle ɗaure a hanci, wandonsa ba kalar da babu. A kan baƙin da ya shafe fuskar Yaya da shi, ya fara sabon zane: ƙaton ɓera sanye da hula a karkace, rungume da makirfo.

Ya gan ni ya diro, ya sauke ƙyallen. “Yau da rana tsaka? Kin ga yadda kika yi kyau kuwa?”

Ban ko amsa ba, na hau zuba. Na gaya masa kalmar, da taron mutane, da yadda Yaya ya ɗora masa, da yadda na rantse gaban Baba na wanke shi tas. Na ce, “Kuma ka san me? Baba ya samu jan fenti a ɗakinsa. Ya kore shi daga gida.”

Zainu ya zauna kan kifaffen bokiti ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har da riƙe ciki, har hawaye.

“Korarsa ya yi? Kai, wallahi ban zaci abin zai kai nan ba.”

Ni ma na fara murmushi, sai murmushin ya tsaya a hanya.

“Wane abu ne ba ka zaci zai kai nan ba?”

Ya ɗauki gwangwani yana girgizawa, ƙaras, ƙaras.

“Zainu, da kai nake.”

“Murja, zauna tukuna.”

“Ba zama ya kawo ni ba.”

Ya kashe kiɗan. Ya dubi hanyar shago, ya rage murya. “Ba da Baba nake ba. Duk wanda ya ga bidiyon Kabir ya san da wa nake.”

Har a lokacin ina neman masa hanya, ku ji wauta. Na ce, “Ƙarya kake, tsokanata kake. Rubutun ba naka ba ne. Na san hannunka.”

Ya ɗaga hannunsa na hagu, ya juya shi gaba da baya a gaban fuskata.

“Shi ya sa na yi da wannan.”

Wato ba fushi ne ya kwashe shi ba. Zama ya yi ya tsara. Ya hau babur daga Kusada har ƙofar gidanmu, ya sauya hannu don kada a gane, ya koma gida, ya ɗauki waya ya tambaye ni ko ina cin tuwon dawa.

“Kai wane irin mugu ne?”

“Mugu? Ni ne mugun?” Ya miƙe, ya buga tafin hannunsa a bangon. “Rani guda na yi a nan rana na dafa mini ƙeya. Kin san jiya an ba Abdullatif zanen wani gidan abinci a Katsina saboda bangon nan? Mutumin da ko da'ira bai iya ja ba. Yayanki in ransa ya ɓaci sai ya shiga situdiyo, duniya ta ji. Ya kira ni ƙadangare, yara na bina da shi har masallaci. Ni ina nawa situdiyon? Bango ne bakina, Murja. Da shi na rama.”

“Bangon uban wa?”

“Bangon gidan da yake kwana.”

“Gidan da nake kwana. Bangon da ubana ya yi wa fenti don ya tarbi naka iyayen. Ka san sana'arsa? Ka san yau a gabana mai gero ya juya da amalankensa?”

Ya sosa kai da hannun nan na hagu. “Zan je in shafe. In yi masa fenti mai kyau, wanda ya fi na da.”

“Sunan nasa ma fenti za ka yi masa?”

Ya matso, ya sassauta murya irin yadda yake yi in muna zance a zaure, muryar da a da take kashe mini jiki.

“Saurare ni. Ba wanda ya sani sai ni da ke. Kabir dama Katsina yake son komawa, ga shi an ba shi dalili. Baba zai huce, wata biyu ya ce ya dawo. Asabar a kawo gaisuwa, a sa rana. In kika buɗe baki kuwa, kin san ni da ke mun gama. Ki yi shiru kawai. Me ya taɓa yi miki in ba tozarci ba?”

Abin da ya fi ƙona mini rai, ya san inda zai taɓa. Ya san ban yafe waƙar ba.

Akwai jan gwangwani a kan bencin. Ban san lokacin da na ɗauka ba. Na taka zuwa kusurwar bangon, na durƙusa gaban ɗan koren ƙadangaren nan da yake ji da shi kamar ɗansa, na danna. Na yi ta fesawa har ba kore, ba wutsiya, ba Z, sai jan tabo yana zuba.

Ya damƙi wuyan hannuna ya murɗe, gwangwanin ya faɗi. Idonsa ya juye, ban taɓa ganin wannan fuskar ba.

“Kin san abin da kika taɓa?”

“Zainu, cika ta.” Ugo ne a bakin lungu, guduma a hannu. “Ba a bayan shagona ba. Na ba ka bango don zane, ban ba ka don dukan mace ba.”

Ya sake ni. Awarwarona ya lanƙwashe, ya bar mini shaida.

“Ashe ke ma jininsa ce,” ya ce.

“Yau ka sani?”

Ban je gidan Gwaggo ba. Hijabinta na cikin leda na koma tasha, jan fenti a yatsuna da bakin mayafina.

Ga wata gaskiyar da za ku zage ni a kanta, ku zaga. Har muka shigo Kankiya ina lissafin yin shiru. Ina tuna rigar atamfata mai hannu ɗaya. Ina tuna ƙawayen da za su ce ai dama mun faɗa. Ina tuna ranar da ya zana mini fure a bayan wayata da ɗan tsinke. Zuciya ba ta da kunya, wallahi. Mutum ya zagi ubanki da safe, da la'asar tana nemo miki kirkinsa.

Kwanar layinmu ce ta raba gardamar. Baba na hango shi kaɗai, ya naɗe hannun riga, yana shafa farin fenti a kan kalmar. Ya shafa ya koma ya shafa, jan na ɓullowa ta ƙasa, ana karanta shi sarai. Babbar rigarsa duk ta ɓaci. Mutumin da ko buta ba a bari ya ɗauka da kansa.

Na ce, “Baba, don Allah ka shigo ciki.”

A tsakar gida jakar Yaya na ajiye, da lasifikarsa ɗaure da igiya. Inna na ƙulla masa garin kunu da ƙuli-ƙuli a leda, fuskarta a kumbure. Shi yana zaune bakin rijiya yana danna waya. Na durƙusa a kan jan tabon da Baba ya fesa da safe.

“Baba, rantsuwar da na yi ɗazu, a kan kuskure na yi ta. Zainu ne. Da bakinsa ya gaya mini.”

Ledar hannun Inna ta faɗi. Baba ya daɗe yana kallon yatsuna.

“Kusada kika tahi?”

“E, Baba.”

“Da rantsuwarki na kori ɗana gaban maƙwabta.”

Ya juya wajen Yaya, muryarsa ta dushe. “Maida kayanka ɗaki.”

Na zaci Yaya zai yi dariya, ko ya ce ai na faɗa. Bai yi ba. Ya miƙe a hankali ya sa waya a kunne, ya kira wani abokinsa.

“Ɗalha, tara mini yara, kowa da babur. Kusada za mu.”

Baba ya ce, “Ba inda za ka.”

“Baba, da safe ka ce ba ni da gida. Wanda ba shi da gida ba a hana shi fita.” Ya ciro sarƙarsa daga aljihu, karon farko a gaban Baba, ya rataya a wuya. Da ya zo wucewa ta gabana ya tsaya. “Ke kuma daga yau kada bakinki ya ƙara kirana Yaya. Ban haɗa komai da ke ba.”

Ba a jima ba layinmu ya cika da ƙarar babura. Na leƙa ta zaure. Goyon biyu-biyu, wasu uku, gora a hannu, wani da sarƙar babur naɗe a dantse. Na bayan Ɗalha ya ɗaga waya sama yana ɗauka tun daga nan, don ko wannan ma bidiyo za a yi da shi. Suka tashi suka nufi hanyar Kusada.

Baba ya zura takalmi zai je wurin mai unguwa. A bakin ƙofa ya waiwayo.

“Maganar Asabar ta mutu. Kuma in kika ƙara kiran yaron nan, ko da kuskure, ban yahe ba.”

Yana fita Inna ta ja ni ɗaki ta tura ƙofa. Ta ɗauko wayata daga kan keken ɗinki ta danƙa mini.

“Kira shi.”

“Inna, kin ji abin da Baba ya ce.”

“Na ji mi ya ce. Ba don yaron nake ba, shi Allah Ya isa tsakanina da shi. In suka same shi, yayanki ne zai ɗauki rai ko ya kwana hannun hukuma. Ki ce ya bar garin.”

Na zauna bakin gado da waya a cinya. Uba ya ce in na kira bai yafe ba, uwa na tsaye a kaina ta ce in kira. Ni kuma can ƙasan raina akwai mai cewa a bari su ɗan taɓa shi, ya ji yadda wuyan hannuna ke zafi. Na buɗe lambar na rufe, na buɗe na rufe. Inna na faɗa, ina jinta kamar daga nesa. Sai da ladan ya kira magariba, ta durƙusa ta kama ƙafata, uwar da ta haife ni, sannan na danna.

Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake. Can ya ɗauka, kiɗa na tashi a bayansa, da muryoyin maza da yawa.

“Kin faɗa ke nan.”

“Na faɗa. Ba don kai na kira ba. Ka bar shagon, suna hanya.”

Ya yi wata gajeriyar dariya. “Tun da kika juya baya na san za su zo. Kin zaci Kusada ba maza? Ina gaban bangona, ba inda za ni.”

“Zainu, kada ka…”

“Ki ce wa Inna ta yi wa ɗanta addu'a.”

Bai kashe ba. Ina jin ana jan ƙarfe a ƙasa, ina jin Ugo na roƙo a bar masa shago. Sai ƙarar babura ta taso daga nesa, ta yi ta matsowa har ta danne kiɗan. Wani ya kashe lasifikar. A cikin shirun na ji muryar da na sani tun ina goye, tana kiran cikakken sunansa, Zainul Abidin, a hankali, kamar mai sallama. Wayar ta katse.

Na ɗago. Baba na tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ban san tun yaushe ba, idonsa a kan wayar da ke kunnena. Bai yi maganar yafiya ba.

“Mi kika ji?”

Na ce, “Baba, sun isa.”